BABI NA UKU: TARIHI DA SALON ƘUNGIYOYIN KIƊAN ROK NA CI-GABA DA NA PANK

3.0 Gabatarwa

A cikin wannan babi za a yi nazarin nau'o'i biyu na kiɗan rok waɗanda suka yi tashe a Ingila da Amurka daga shekarar 1967 zuwa wajejen 1980, wato wanda Turawa suke kira progressive rock da kuma wanda suke kira punk. Domin sauƙin bayani za a riƙa kiran na farko "rok na ci-gaba", na biyun kuma "pank". Labarin da ya fi yaɗuwa a tsakanin 'yan jaridar kiɗa na Landan shi ne, wai rok na ci-gaba ya kumbura da girman kai da almubazzaranci, sai pank ya ɓullo a 1976 ya yi masa kisan mummuƙe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka bi shekaru da cinikin faifai daki-daki za a tarar ba haka abin ya kasance ba. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu faɗa shi ne tambaya guda: wane ne ya cancanci ya hau dandamali ya yi kiɗa, ƙwararren da ya shekara goma yana koyo, ko kuwa duk yaron da yake da abin faɗa?

3.1 Asali da Bunƙasar Rok na Ci-gaba

Kafin tsakiyar shekarun 1960 waƙar rok gajeruwa ce, ba ta cika wuce minti uku ba. Ana buga ta a kan ƙaramin faifai, turkenta soyayya da rawa, tushenta kuwa kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka. Abin da ya fara sauya wannan tsari shi ne babban faifai, wanda kowace fuskarsa take ɗaukar kimanin minti ashirin ko ɗan fiye da haka. Da ƙungiyar Beatles ta daina yawon wasa a 1966 ta koma ɗakin ɗaukar waƙa, sai ta fitar da faifan Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a 1967, wanda ya nuna wa matasan makaɗa cewa ana iya ɗaukar faifai guda a matsayin aiki ɗaya dunƙulalle, kamar littafi. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar Moody Blues ta fitar da Days of Future Passed, inda ta haɗa rok da kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa irin ta gargajiyar Turai, ita kuma Procol Harum ta yi waƙar "A Whiter Shade of Pale" mai rauji irin na Bach.

Duk da haka, mafi yawan manazarta suna ɗaukar faifan In the Court of the Crimson King na ƙungiyar King Crimson, wanda ya fito a watan Oktoba na 1969, a matsayin mafarin wannan nau'i sosai da sosai. Ƙungiyar ta fara jan hankalin jama'a ne ranar 5 ga Yuli na wannan shekara, lokacin da ta yi wasa kafin Rolling Stones a filin Hyde Park na Landan. Faifan yana da waƙoƙi biyar kacal. A cikinsu akwai kiɗan jaz, akwai sarewa mai taushi, akwai kuma hargowar jita ta Robert Fripp, duk a wuri ɗaya.

Daga nan sai ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa. An kafa Yes a Landan a 1968. Genesis kuwa ta samo asali ne a 1967 daga makarantar kwana ta Charterhouse, ɗaya daga cikin makarantun 'ya'yan masu hali na Ingila, inda Peter Gabriel da Tony Banks da Mike Rutherford suka yi karatu. A 1970 Keith Emerson da Greg Lake da Carl Palmer suka haɗu suka kafa ƙungiyar da take ɗauke da sunayensu, wadda ake taƙaitawa da ELP. Pink Floyd da Jethro Tull sun riga waɗannan kafuwa ko kuma sun zo tare da su, amma sai a farkon shekarun 1970 suka rungumi dogon zubi. Haka kuma abin bai tsaya a Ingila ba, domin an sami Can a Jamus, da PFM a Italiya, da Focus a Holan, da Rush a Kanada, da kuma Magma a Faransa, wadda jagoranta Christian Vander ya ƙirƙiro wani harshe nasa na kansa yake rera waƙoƙinsa da shi.

Shekarun 1971 zuwa 1974 su ne ganiyar wannan kiɗa. Faifan The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda ya fito a watan Maris na 1973, ya yi fiye da mako 700 a cikin jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Bayan wata biyu, a watan Mayu, wani sabon kamfani mai suna Virgin ya fitar da faifansa na farko, wato Tubular Bells na Mike Oldfield, saurayin da ya kaɗa kusan dukkan kayan kiɗan da hannunsa. Kuɗin wannan faifai ne suka tsayar da kamfanin da ƙafafunsa, kuma za a sake cin karo da wannan kamfani a gaba.

3.2 Salon Rok na Ci-gaba

Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi shi ne tsawo. Waƙar "Close to the Edge" ta Yes (1972) ta kai minti 18, "Supper's Ready" ta Genesis (1972) ta kai kusan minti 23, shi kuwa faifan Thick as a Brick na Jethro Tull (1972) waƙa ɗaya ce tal da ta cinye fuskokin faifan duka biyu, fiye da minti 40. Irin waɗannan waƙoƙi ba sa bin zubin da aka saba, na gindin waƙa da ɗiya masu komawa gare shi. A maimakon haka akan kasa waƙar kashi-kashi, kowane kashi da sunansa da raujinsa, sannan a dawo da wani amo da aka ji tun farko a can ƙarshe domin a ɗaure aikin. Wannan zubi daga kiɗan gargajiyar Turai aka aro shi. Wani lokaci ma ba zubin kaɗai ake arowa ba, domin a 1971 ELP ta ɗauki Pictures at an Exhibition na Mussorgsky, mawallafin kiɗa ɗan Rasha na ƙarni na 19, ta mayar da shi rok a gaban jama'a a birnin Newcastle.

Abu na biyu shi ne karin kiɗa. Mafi yawan waƙoƙin rok ana ƙidaya bugunsu huɗu-huɗu ne, shi ya sa suke da daɗin rawa. Makaɗan ci-gaba kuwa sukan yi bugu biyar-biyar, ko bakwai-bakwai, ko tara-tara, kuma sukan sauya daga wannan zuwa wancan a tsakiyar waƙa. Alal misali, yawancin waƙar "Money" ta Pink Floyd a kan bugu bakwai take, sannan wani kashi na "Supper's Ready" a kan tara yake. Ke nan wannan kiɗa na zama a saurara ne, ba na rawa ba, kuma haka masu kallo suke yi: su zauna a kan kujeru su yi tsit har a gama.

Ta fuskar kayan kiɗa, jita ta rage zama sarauniya, kibod ya karɓi ragama. Akwai ogan ƙirar Hammond, da na'urar haɗa sauti ta Moog, da kuma Mellotron. Ita Mellotron, wadda aka fara ƙerawa a Bamingam a 1963, tana da ban sha'awa: a ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset da aka riga aka ɗauki amon goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kansa, idan aka danna sai ya yi kimanin daƙiƙa takwas yana ƙara sannan ya yanke. Da ita ne mutum huɗu ko biyar suke fitar da amon da a da sai an tara makaɗa hamsin. Amma na'ura ce mai nauyi da tsada da saurin lalacewa, kuma wannan batu na tsada yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Dangane da turke, soyayya ta ja baya. Waƙoƙin suka koma kan tatsuniyoyi, da almarar kimiyya, da addinan gabas, da hauka, da mutuwa, da yaƙi. Faifan Yes na 1973, Tales from Topographic Oceans, waƙoƙi huɗu ne a kan fuskoki huɗu, kuma Jon Anderson ya gina shi ne a kan wani ɗan bayani na ƙasan shafi da ya karanta a littafin Paramahansa Yogananda game da littattafan addinin Hindu. Hatta makaɗin kibod na ƙungiyar, Rick Wakeman, bai ji daɗin aikin ba, ya fice a 1974. Bangon faifai shi ma ya zama wani ɓangare na saƙon. Mai zane Roger Dean, wanda ya yi suna da zanen tsibirai masu shawagi a bangon faifan Yes, ya fara shahara ne da giwaye masu fukafukai da ya zana wa Osibisa a 1971, ƙungiyar da 'yan Gana suka kafa a Landan tare da 'yan Karebiyan da wani ɗan Nijeriya, Lasisi Amao.

A kan dandamali kuwa abin ya zama wasan kwaikwayo. Peter Gabriel yakan fito da kan yanyawa da jar rigar mata, ko ya yi shigar fure. Emerson yakan soka wuƙaƙe a tsakanin madannan ogan ɗinsa. ELP takan yi tafiya da manyan motoci uku na kaya, kowace da sunan mutum ɗaya a rufinta. A 1975 Wakeman ya gabatar da faifansa na labarin Sarki Arthur a Wembley, da 'yan wasa suna zamiya a kan ƙanƙara, ya kuma yi asarar kuɗi a kai. A nan ne masu suka suka sami abin kamawa, kuma gaskiya ce wasu daga cikin waɗannan abubuwa sun wuce gona da iri. Sai dai ya kamata a tuna cewa Ian Anderson na Jethro Tull ya sha bayyana cewa Thick as a Brick shaguɓe ne ga irin wannan dogon buri, wato tun a 1972 akwai masu yi wa abin dariya daga cikin gida.

3.3 Halin da Ingila take ciki

Ba za a fahimci pank ba sai an dubi aljihun matasan Ingila a tsakiyar shekarun 1970. Bayan tashin farashin mai na 1973 da yajin aikin masu haƙar kwal, gwamnati ta taƙaita wutar lantarki ga masana'antu zuwa kwana uku a mako a farkon 1974. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 27 cikin ɗari a watan Agusta na 1975. Marasa aikin yi suka haura miliyan ɗaya, kuma a 1976 sai da Birtaniya ta nemi rancen dala biliyan 3.9 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A daidai wannan lokaci harajin masu babban albashi ya kai kashi 83 cikin ɗari, abin da ya sa taurarin rok da dama suka koma zama a ƙasashen waje. Saboda haka yaron da ya gama makaranta a 1976 ba aiki, idan ya ɗaga kai sai ya ga mawaƙan da suka girme shi da shekara goma, suna zaune a wata ƙasa, suna rera waƙar tsibiran sama da kayan kiɗan da kuɗinsu ya fi kuɗin gidan ubansa.

3.4 Asalin Pank

Ko da yake a Landan pank ya yi ƙara, a Amurka aka haife shi. Tun a ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyoyin Stooges da MC5 na jihar Michigan da Velvet Underground ta New York suke yin kiɗa mai kaushi wanda bai sami kasuwa ba. A watan Disamba na 1973 Hilly Kristal ya buɗe wata mashaya mai suna CBGB a unguwar Bowery ta New York, unguwar da a lokacin ta yi ƙaurin suna da talauci da mashaya. A nan ne Television da Patti Smith da Blondie da Talking Heads da Ramones suka sami dandamali. Faifan farko na Ramones ya fito a watan Afrilu na 1976: waƙoƙi 14 a cikin minti 29, an kuma ɗauke shi a kan dala 6,400. Idan aka kwatanta, waƙar "Supper's Ready" ita kaɗai ta kusa tsawon faifan gaba ɗayansa.

A Landan kuwa abin ya faro ne daga wani kantin tufafi a lamba 430, titin King's Road, na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood. McLaren ya ɗan yi hulɗa da ƙungiyar New York Dolls a Amurka, ya dawo da niyyar kafa tasa. A 1975 aka ga wani saurayi ɗan asalin Ailan mai suna John Lydon yana yawo a titin da rigar Pink Floyd wadda ya rubuta kalmar ƙiyayya a saman sunan ƙungiyar. Aka kira shi gwaji, aka ɗauke shi duk da bai taɓa waƙa ba, aka laƙaba masa Johnny Rotten. Ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasanta na farko ranar 6 ga Nuwamba, 1975, a makarantar zane ta Saint Martin's. Wannan riga ita ce hujjar da aka fi kafawa a kan gabar pank da rok na ci-gaba.

Shekarar 1976 ce abin ya bazu. Ranar 4 ga Yuni Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin zaure a Manchesta a gaban mutane 'yan gommai, amma a cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook waɗanda daga baya suka kafa Joy Division, da Morrissey na ƙungiyar Smiths, sannan waɗanda suka shirya wasan su ne suka kafa Buzzcocks. Ranar 4 ga Yuli Ramones ta yi wasa a Landan. A watan Oktoba ƙungiyar Damned ta fitar da "New Rose", ƙaramin faifan pank na farko a Ingila, a watan Nuwamba kuma kamfanin EMI ya fitar da "Anarchy in the U.K." ta Sex Pistols. Sai ranar 1 ga Disamba, a wani shirin talabijin na maraice da Bill Grundy yake gabatarwa, 'yan ƙungiyar suka yi ta ashar kai tsaye bayan shi mai gabatarwar ya zuga su. Washegari jaridu suka ɗauka, aka dakatar da Grundy, aka soke mafi yawan wasannin da ƙungiyar ta shirya a garuruwa. EMI ta sallame su a watan Janairu na 1977. Kamfanin A&M ya ɗauke su a watan Maris, aka yi bikin sa hannu a ƙofar fadar Buckingham, bayan kwana shida ya kore su. Wanda ya karɓe su a ƙarshe shi ne Virgin, kamfanin nan da Tubular Bells ya gina.

A ƙarƙashin Virgin suka fitar da "God Save the Queen" a ƙarshen watan Mayu na 1977, daidai lokacin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gadon sarauta. Waƙar zambo ce ga masarauta da ƙasar baki ɗaya. BBC ta hana sa ta, amma ta kai matsayi na biyu a jerin ciniki, kuma har yau akwai masu zargin an yi maguɗi ne domin kada ta zo ta ɗaya a makon bikin. Babban faifansu ɗaya tilo ya fito a watan Oktoba ya zo na ɗaya. A watan Janairu na 1978 ƙungiyar ta watse a San Francisco, a watan Fabrairu na 1979 kuma Sid Vicious ya mutu sakamakon shan ƙwaya, yana da shekara 21.

3.5 Salon Pank

Salon pank kishiyar na baya ne kusan ta kowace fuska. Waƙa minti biyu, bugu huɗu-huɗu da sauri, jita da bes da ganguna da murya, shi ke nan. Ba a ba makaɗi fili ya daɗe yana nuna gwaninta shi kaɗai. Muryar kuwa ta fi kusa da ihu, kuma mawaƙan Ingila suka daina kwaikwayon karin harshen Amurkawa, suka koma rerawa da harshen unguwarsu. Turken waƙoƙin shi ne zaman banza, da rashin aiki, da 'yan sanda, da gundura, da zambo ga manya. A watan Janairu na 1977 wata 'yar mujallar hannu mai suna Sideburns ta zana kamun tsirkiya iri uku, wato yadda makaɗi yake danne tsirkiyoyin jita da yatsunsa domin su ba da amo ɗaya a haɗe, sannan ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiyarsa. Wannan zane shi ne aƙidar pank a dunƙule.

Aƙidar ba ta tsaya ga kiɗa ba. Mark Perry, wani ma'aikacin banki, ya fara mujallar Sniffin' Glue a 1976 da keken rubutu da alƙalami da injin kwafi. Buzzcocks ta ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai ta buga faifan Spiral Scratch da kanta a watan Janairu na 1977, ba tare da wani babban kamfani ba. Daga wannan ne ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade da Factory suka sami hanya. Har ila yau pank ya buɗe wa mata ƙofa. A rok na ci-gaba mata 'yan kaɗan ne, kamar Annie Haslam ta Renaissance da Sonja Kristina ta Curved Air, kuma galibi rerawa suke yi. A pank kuwa an sami ƙungiyar Slits ta mata zalla a farkonta, da Siouxsie Sioux, da Poly Styrene ta X-Ray Spex wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne. A ra'ayin wannan nazari, waɗannan abubuwa biyu, wato buga faifai da kai da kuma shigowar mata, sun fi ashar ɗin talabijin tasiri nesa ba kusa ba, ko da yake ashar ɗin aka fi tunawa.

Wani abin da ya bambanta pank na Landan shi ne kusancinsa da kiɗan rege na 'yan Jamaika. A gidan rawa na Roxy, Don Letts yakan sa faifan rege a tsakanin wasanni domin faifan pank ba su da yawa a lokacin. Ƙungiyar Clash ta sa waƙar "Police and Thieves" ta Junior Murvin a faifanta na farko a 1977, sannan ranar 30 ga Afrilu, 1978, ta yi wasa a filin Victoria Park a gaban dubban jama'a a taron yaƙi da wariyar launin fata. Amma ba za a ɓoye ba cewa a farkon lamarin wasu 'yan pank, ciki har da Sid Vicious da Siouxsie, sun riƙa sa tambarin 'yan Nazi domin kawai su tayar wa iyaye hankali, abin da ya bar wa tafiyar tabo.

3.6 Shin Pank ne ya Kashe Rok na Ci-gaba?

Idan aka koma ga shekaru, za a ga cewa rok na ci-gaba ya fara sauya kama tun kafin a san Sex Pistols. Fripp ya rushe King Crimson a 1974 bayan faifan Red, Wakeman ya bar Yes a wannan shekara, Gabriel kuma ya bar Genesis a 1975. Idan kuma aka koma ga ciniki, shekarar 1977 da ake kira shekarar pank ba ta yi wa tsofaffin ƙungiyoyin illa ba. Going for the One na Yes ya zo na ɗaya a Ingila, Animals na Pink Floyd ya zo na biyu, "Fanfare for the Common Man" ta ELP ita ma ta zo ta biyu. Shi Animals ma, wanda ya kasa mutane zuwa karnuka da aladu da tumaki, bai fi waƙoƙin pank sassauci ba wajen zambo ga masu mulki da masu kuɗi. A watan Disamba na 1979 waƙar "Another Brick in the Wall" ta Pink Floyd ce ta ɗaya a Ingila, a lokacin Sex Pistols ta kusa shekara biyu da watsewa. Ƙungiyar da ta faɗi a wannan tsakani ita ce ELP, kuma abin da ya karya ta shi ne tafiya zagayen Amurka a 1977 da makaɗa kusan 70, waɗanda ta sallama kafin zagayen ya yi nisa saboda kuɗi sun ƙare. Sauran kuwa gajarta waƙoƙinsu suka yi: Genesis ta zo ta ɗaya da faifan Duke a 1980, Yes ta zo ta ɗaya a Amurka da "Owner of a Lonely Heart" a farkon 1984.

Batun ajin mutane shi ma bai zauna daram ba. Gaskiya ne 'yan Genesis 'ya'yan masu hali ne, Lydon kuma ɗan talakawa ne da ya tashi a gidajen gwamnati na arewacin Landan. Amma Jon Anderson na Yes ya bar makaranta yana da shekara 15 ya shiga ƙwadago, alhali Joe Strummer na Clash ɗan jami'in diflomasiyya ne, an haife shi a Ankara, ya kuma yi makarantar kwana.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda mutanen ɓangarorin biyu suke cuɗanya a bayan fage. A watan Yuli na 1977 gidan rediyon Capital ya gayyaci Lydon ya zaɓi waƙoƙin da yake so, sai ga shi ya sa Can da Captain Beefheart da Peter Hammill, jagoran Van der Graaf Generator, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ci-gaba. An ce McLaren bai ji daɗin haka ba, domin ya ɓata hoton jahilin yaro da yake tallatawa. Chris Thomas, wanda ya kula da ɗaukar faifan Sex Pistols, shi ne ya taimaka wajen tace sautin The Dark Side of the Moon, kuma kaurin jitar da ake ji a faifan ya samu ne ta hanyar ɗora ɗauka a kan ɗauka, aikin ƙwararru tsantsa. Faifai na biyu na Damned kuwa Nick Mason, makaɗin gangar Pink Floyd, ne ya kula da shi a 1977. Faifan Pink Flag na Wire, mai waƙoƙi 21, ya fito ne a ƙarƙashin Harvest, reshen da EMI ta kafa musamman domin rok na ci-gaba. Fripp ya kaɗa wa Blondie jita a 1978. Keith Levene, wanda ya kafa Public Image Ltd tare da Lydon bayan watsewar Sex Pistols, ya taɓa yi wa Yes ɗaukar kaya yana yaro saboda son da yake yi wa ƙungiyar. Stewart Copeland na Police kuwa daga Curved Air ya fito.

Inda pank ya yi nasara ba tantama shi ne a shafukan mujallun kiɗa irin su New Musical Express da Sounds. Matasan marubutan da suka shigo a 1976 suka mayar da rok na ci-gaba abin ba'a, kuma da yake su ne suka rubuta tarihin daga baya, hukuncinsu ya zauna shekara da shekaru. Sababbin ƙungiyoyi suka daina samun kamfanin da zai ɗauke su idan suka zo da waƙar minti ashirin, ko da yake Marillion ta karya wannan ƙa'ida da faifan Misplaced Childhood ya zo na ɗaya a 1985.

Shi kansa pank bai daɗe a kan kamun tsirkiya uku ba. Clash ta fitar da London Calling mai faifai biyu a 1979, sannan Sandinista! mai faifai uku da waƙoƙi 36 a 1980, wanda ya fi Tales from Topographic Oceans tsawo ƙwarai. A Amurka, inda pank ya ƙara sauri da zafi a hannun Black Flag da Dead Kennedys da Minor Threat, ƙungiyar Bad Brains ta baƙaƙen fata daga Washington ta fara ne da kiɗan jaz mai wuyar kaɗawa kafin ta juya, shi ya sa saurinta bai hana ta tsabtar hannu ba. A 1984 Hüsker Dü ta fitar da Zen Arcade, faifai biyu masu ba da labarin wani yaro da ya gudu daga gida. Bayan shekara ashirin, a 2004, Green Day ta fitar da American Idiot, wanda a cikinsa akwai waƙar "Jesus of Suburbia" mai minti tara da kashi biyar, kowane kashi da sunansa, kuma a 2010 aka mayar da faifan wasan kwaikwayo na waƙa a dandamalin Broadway na New York.